Mutumin da Ya Matsar da Jajayen Tutoci

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, direban katafila, wanda abokan aikinsa ba sa kiransa da komai sai Gwani. Kuma gwanin ne, ba zan rage masa ba. In ya hau kujera ya kama sandunan nan biyu, cokalin motar yakan shiga ƙasa a hankali kamar mai ɗibar ruwa a randa.

Can sama, a bayan gilashi, yakan lula duniyar tunani. Ƙugin inji ya yi ta rarrashinsa. Sai ya ga titi ya koma ruwa garai-garai, yana hango abin da ke kwance a ƙarƙashi: bututun ruwa, bututun gas, wayar lantarki mai kaurin damtse, duk sun miƙe suna barci. Yakan ce wa mutane, "Ni hannuna yana jin ƙasa. Kafin cokali ya taɓa waya, na ji ta a tafina." Da farko raha yake yi. Yau da gobe, har shi kansa ya gaskata.

To, aikin haƙa yana da ƙa'ida. Kafin a huda ƙasa, mai awo ne ke fara zuwa da na'urarsa, yana tafe yana lilo da ita. Inda ta yi ƙara, ya fesa fenti, ya kafa 'yar tuta, ja ta wuta, shuɗiya ta ruwa. Kusa da tuta kuwa mota ba ta haƙa. Shebur ake sawa, a tona da hannu sannu a hankali, har ido ya ga wayar.

Gwani ya ƙi jinin wannan ƙa'ida. Shi da kansa ya kashe mota ya naɗe hannu don wata sanda ta yi kuka?

Yana da ƙane a wurin aikin, magidanci mai 'ya'ya, wanda aikinsa kafa turakun ƙarfe da katako a bakin rami don kada ƙasa ta rufta. Shi wannan ƙanen ko ƙusa ba ya bugawa sai ya ɗaga kai ya nemi tuta. Gwani yakan tsokane shi, "Kai da tuta sai ka ce makaho da sandarsa."

Shi kuwa sai ya yi dariya. "Yaya, ni ba ni da ido a tafin hannu. Bar ni da sandata."

Rannan aka ba su haƙar magudanar ruwa a wani titi. Da hantsi mai awo ya gama aikinsa ya tafi. Sauran ma'aikata suna can ƙarshen titi suna sauke katako. Gwani kaɗai ya ga jajayen tutocin sun jeru dab da inda ramin zai bi. Ya san in shugaban aiki ya gani, yau wuni za a yi ana shebur, shi kuma yana zaune yana hamma.

Ya duba gabas, ya duba yamma, babu kowa. Ya sauko ya tsige tutocin ɗaya bayan ɗaya, ya matsar da su can gindin katangar gidaje. Fentin da bai gama bushewa ba ya murje shi da takalmi. A ransa ya ce, "In na gama na mayar da su."

Kuna tsammani ya taɓa wayar? Bai taɓa ta ba, jama'a. Ya haƙa ramin nan santal, cokali ya wuce ta gefenta, ita kuma tana kwance a cikin bangon ramin, 'yar ƙasa kaɗan ta rufe ta. Yammacin nan ya ji kamar a kan gajimare yake tuƙi. Shugaban aiki ya dafa kafaɗarsa, abokai suka yi ta kuranta shi. Daɗin yabo ya ɗebe shi, ya tafi gida, tutoci suka kwana a gindin katanga.

Ku ji tsoron zunubin da ya yi muku kyau a ranar farko. Talala ce ake yi wa mutum.

Washegari Gwani yana kan kujerarsa, inji yana ƙugi, rana ta cika gilashi. Ta ciki ya hango ƙanensa ya zo bakin ramin da turke da guduma. Ya ga ya ɗaga kai kamar kullum, ya nemi tutoci, ya same su can nesa. Hankalinsa ya kwanta. Har ya ɗago wa yayansa hannu. Sannan ya dasa turken, ya ɗaga guduma.

A lokacin Gwani ya tuna. Ya buɗe baki, amma wa zai ji shi a cikin ƙugin nan? Wani farin haske ya tashi daga ƙasa, ba irin na rana ba. Da ya dushe, gudumar ce kaɗai ke bakin ramin.

Mai awo ya zo. Ya dubi tutocin ya ce, "Wallahi ba nan na kafa su ba." Sai idanu suka yi ta sauka, har suka tsaya a kan takalmin Gwani, inda jan fenti ya bushe.

Bayan an binne ƙanen, aka kori Gwani daga aiki, hukuma ta yi nata. Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Mahaifiyarsu ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Cewa kawai ta yi, "Shi fa ya duba. Ya duba, ɗana." Maganar nan ita ta hana shi sake zama mutum.

Yanzu yana nan yana bin tituna, kansa a sunkuye, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ya tashe ta. In ya ga an kafa tuta, sai ya tsuguna kusa da ita ya wuni yana gadi. 'Ya'yan ƙanensa kan zo su kama hannunsa su ce, "Baba, tashi mu je gida." Ba ya iya duban fuskarsu.

Ya 'yan uwa, girman kai rawanin tsiya ne, alhaki kuwa kwikwiyo, mai shi yake bi. Mutumin nan ya matsar da tuta, amma wayar ba ta matsa ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa gusar da wata iyaka ba, yana cewa zai mayar? Alamar da ka karkatar, ba kai kaɗai ke karanta ta ba. Wanda zai taka ta shi ne wanda ya yarda da kai, wanda ya bi ƙa'ida, wanda ya ɗago maka hannu.

In akwai tutar da ka matsar, tashi yau ka mayar da ita tun ba a ɗaga guduma ba.

Allah ya kiyaye mu da ruɗin gwaninta, ya tsare 'yan uwanmu daga abin da hannuwanmu suka karkatar. Amin.