Kalmar da ta fi girma a shafin Injiniya

Akwai wani matashi da 'yan unguwa ke kira Injiniya. Shekara bakwai ya yi a waje yana gina shafukan intanet, sannan ya dawo gida. Gangar jikinsa ce kawai ta dawo. Wata huɗu yana ƙule a ɗaki da kwamfuta, yana neman hanyar komawa.

Mahaifinsa tsohon tela ne da ido ya hana shi ɗinki. Tun rasuwar matarsa, a benci yake wuni a bakin zaure, shi da rediyo. Injiniya kan wuce ya ce, "Sannu Baba," ko tsayawa ba ya yi. A ganinsa, me za su tattauna?

Wata rana wani mai shagon littattafai ya ba shi aiki. Yana son a yi masa gajimaren kalmomi a shafinsa, wato tarin kalmomin nan da ake gani a gefen shafi, wadda aka fi maimaitawa ta fi girma, wadda ba a cika faɗa ba ta ƙanƙance.

Kafin azahar ya gama rubuta manhajar. Ya sa ta riƙa tsallake ƙananan kalmomi irin "da" da "na", ta ƙirga sauran. Saura gwaji, kuma gwaji na son dogon rubutu. Sai ya kwaso duk saƙonnin da suka yi da Baba a waya, ya raba nasa daban, na Baba daban, ya zuba.

A nasa ɓangaren, kalma ɗaya ta cika allo: ANJIMA. A na Baba kuwa: YAUSHE.

"Akwai kuskure a ƙirgar nan," in ji shi. Ya sake dubawa har sau uku.

Yayarsa, wadda ta zo gaida Baba daga gidan mijinta, ta leƙo ɗakin. Ya yi mata bayani yana tsaki.

Ta kalli allon, ta kalle shi. "Auta, duk iliminka ba ka koya wa manhajar nan kara ba? Ai gaskiya ta faɗa maka tsirara."

"Tsofaffin saƙonni ne, Yaya. Lokacin ina can."

"To ƙirga na watan nan mana, tunda kai ne boka."

Don ya kunyata ta, ya taƙaita ƙirgar ga wata ɗaya. YAUSHE ta sake fitowa, sau goma sha ɗaya. Ya buɗe saƙonnin da bai taɓa karantawa ba. Na ƙarshe na safiyar ranar ne: "Yaushe za ka fito mu sha iska?" Daga zaure aka turo shi, taku ashirin daga ƙofarsa.

Yaya ta gyara mayafinta ta fita.

Injiniya ya rufe kwamfutar, ya fito. Baba na riƙe da waya dab da hancinsa, yana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Da ya ga inuwar mutum, sai ya ɗago.

"Au, ka fito? Ka hutar da ni. Tun ɗazu nake neman harafin."

Ya matsa gefe, ya kaɗe masa ƙurar bencin da hularsa.

Darasi: Kusancin ɗaki ba shi ne kusancin zuciya ba. Wanda ke jiranka ba zai dawwama a bencin nan ba, ka je tun yana iya matsa maka wuri. Ku tura wa wanda ya dawo gida amma har yau bai iso ba.