Soro Biyu na Magini Manu

A zamanin da, an yi wani Sarki da ya so a gina masa soraye biyu waɗanda babu kamarsu a ƙasarsa. Maimakon ya ba Jatau, Sarkin Maginansa, sai ya danƙa aikin a hannun wani baƙo mai suna Manu. Shi kuwa Jatau ƙanen Waziri Tanimu ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kullum la'asar Sarki kan je ya zauna wajen ginin yana hira da baƙon, har ya fara neman shawararsa a kan al'amuran mulki. Waziri na tsaye a baya, zuciyarsa na tafasa.

Wata rana Jatau ya sami Waziri ya ce, "Yaya, na sa an zare azarar sorayen nan, an cusa itacen da gara ta cinye, an shafe da ƙasa. Damina na sauka, baƙonka ya gama yawo."

Waziri ya ce, "Ban ji ba. Je ka gida."

Ruwan farko da aka yi, soron gabas ya rufta, ya danne wani dogari ya mutu. Aka kama Manu. Waziri ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a kashe shi yau, kada a kwana."

Sarki ya yi mamakin wannan gaggawa daga mutumin da ya sani da haƙuri, har ya yi zargin akwai abin da yake ɓoyewa. Sai ya ce, "Wannan tsautsayi ne, Waziri. Soron yamma kuwa lafiyarsa ƙalau. Domin in girmama gidanku, na ba mahaifiyarku shi. Yau za ta tare."

Aka ɗauko tsohuwar tana ta sa wa Sarki albarka, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Jatau ya sunkuyar da kai. Da ta ɗaga ƙafa za ta shiga, Waziri ya ruga ya riƙe ta.

"Inna, kada ki shiga! Ranka ya daɗe, azarar ruɓaɓɓiya ce. Jatau ne ya sauya ta, ni kuma na sani na yi shiru."

Sarki ya ce, "Ashe ka san zafin a danne mutum. Dogarin nan ma uwa ce ta haife shi."

Nan take aka kwance Manu, aka naɗa shi Sarkin Magina. Aka miƙa Jatau ga alƙali, aka tuɓe rawanin Waziri, aka ɗora masa ciyar da iyalin mamacin muddin ransa.

Tanimu ya miƙa wa mahaifiyarsa hannu zai kai ta gida. Ta ture hannun, ta tambayi fadawa hanyar gidan uwar dogarin, ta nufi can yin ta'aziyya.