Ranar da Aka Gwada Jirgin Bika

An yi wata Beguwa a bakin wani babban kogi, sana'arta fito. Ba ta iya ɓoye magana ba, ko da za a ji haushi. Jirginta ya tsufa, yoyo yake ta ko'ina. Ga damina ta ƙarato, ta kuma san idan kogi ya kawo, jirgin nan ba zai ƙetare ba, ita da 'ya'yanta sai yunwa.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk masu fito haka suke fama, domin masassaƙin jirgi ɗaya ya rage a yankin, wato tsoho Burtu, shi kuwa ƙarfinsa ya ƙare.

Sai masu jirage suka taru suka kafa ƙungiya don a koya wa matasa sassaƙa. Bika, wani ƙaton biri mai son a yabe shi, ya daki ƙirji.

"Ku ba ni shugabanci! Kafin ruwa ya sauka, masassaƙa sai kun rasa inda za ku sa su."

Aka ba shi. Wani ya kawo gizago, wani gungumen maɗaci, Beguwa ta kawo hatsin da ɗalibai za su ci.

Kai, Bika akwai son a gani! Ya ɗinka wa 'ya'yan zomo da na kurege riguna iri ɗaya, ya koya musu waƙar ƙungiya da tafiya a jere. Burtu kuwa ko gayyatarsa bai yi ba, wai tsohon bai iya jawabi ba.

Duk lokacin da Beguwa ta gamu da shi sai ta ce, "Malam Bika, yaran nan sun fara riƙe gizago kuwa?"

"Haba Iya! Ba ki ji waƙarsu ba ne?"

"Na ji. Waƙa zan ɗora wa kaya?"

Ranar duba aiki ta zo. Aka yi kiɗa, ɗalibai suka rera waƙa, Bika ya yi jawabi har rana ta take. Daga nan aka yaye tabarma, sai ga sabon jirgi ya sha jan fenti, yana ɗaukar ido. Wuri ya kaure da tafi. Ita ma Beguwa sai da ranta ya yi fari, don wallahi so take abin ya yi kyau.

"To, kun gani da idonku," in ji Bika. "Sai a tashi a ci abinci."

"Tsaya, ranka ya daɗe," in ji Beguwa. "Ka manta al'adar bakin kogin nan? Wanda ya ce sabon jirgi ya yi, shi ke fara shiga."

Bika ya sosa ƙeya. "Ai fentin bai bushe ba."

"Fentin ne zai ɗauke ka, ko itacen?"

Jama'a suka ɗauka, "Shugaba! Shugaba!" Gogan naka ya ga ba mafita. Ya tattare babbar riga, ya shiga ya zauna, aka tura shi.

Jirgi ya yi juyi kamar faifai, ya karkata hagu, ya karkata dama, sai tsundum! Allah ya sa wurin ba zurfi. Bika ya fito yana tari, hula ta bi ruwa, ga ɗuwawu ya yi jawur da fenti. Ku duba biri in kun gan shi, har yau bai wanku ba.

Dariya kam an sha ta, har da masu birgima. Beguwa ta yi tata har ƙayoyinta na kaɗawa, sannan ta tuna har yanzu ba ta da jirgi. Ta juya ga ɗaliban.

"'Ya'yana, wa ya nuna muku yadda ake rarake ciki?"

"Ba kowa, Iya. Mu dai an ce mu shafa fenti sosai."

"To laifin ba na Bika kaɗai ba ne," ta ce wa masu jirage. "Mun ba da kaya mun koma gida mun kwanta. Jiragen namu ne, mu za mu tsaya a kansu."

Washegari aka ɗauko Burtu, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Shi yana faɗa, yara suna sara. Masu fito suka riƙa zuwa suna bayyana irin jirgin da aikinsu ke buƙata, kuma duk ranar kasuwa sai a jefa abin da aka sassaƙa a ruwa. Na fari ya nutse, aka yi dariya. Na bayansa ya tsaya, amma a karkace. Bika ma, da kunya ta sake shi, ya dawo yana jan gungume.

Ranar da kogi ya cika ya batse, Beguwa ta loda sabon jirginta da buhunan albasa da 'yan kasuwa. Ta tura jirgi. Da suka kai tsakiya ta leƙa ƙasan jirgi, ta shafa da hannu. A bushe yake ƙayau! Ai kuwa sai ta rangaɗa guɗa, har masassaƙan da ke gaɓa suka jiyo suka hau tsalle.

Darasin da ke cikin labarin nan, yara, shi ne: in an kafa ƙungiya don koyar da sana'a, kada a auna ta da riguna ko daɗin jawabi. A gwada abin da ɗalibanta suka yi a wurin da za a yi aiki da shi, kuma masu buƙatar aikin su tsaya a kai da kansu.