Ranar da Fadila Ta Kawo Matan Islamiyya Gwajin Intanet ɗin Jirgi

Akwai wata ma'aikaciya a birnin Katsina mai suna Fadila, 'yar Ƙofar Durɓi, tana aiki da wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da ake kira Shamuwa. Jirage uku kacal gare su, kuma yawancin aikinsu jigilar masu zuwa Umara ne.

Shekara shida ta yi a teburin duba tikiti a filin jirgi, tana karatun kwamfuta Asabar da Lahadi, kafin aka ɗauko ta aka ba ta shugabancin ofishin fasaha. Amma fa riƙon ƙwarya aka ba ta. Shugaban kamfanin, Alhaji Nu'uman, ya ce wata uku zai gwada ta. In ta iya ta zauna, in ta kasa teburinta na nan yana jiranta.

Cikin watannin ne kamfanin ya yanke shawarar sa intanet a jiragensa, don fasinja ya riƙa amfani da wayarsa yana sama. Aka tace masu neman aikin, biyu suka rage: kamfanin Walƙiya da kamfanin Tsani.

Mutanen Walƙiya sun iya tallar kaya. Otal suka kama a GRA, aka ci kaji aka sha lemo, sannan wakilinsu ya ɗaga waya guda ya sauke fim sukutum kafin shayin Alhaji ya huce. Su kuwa mutanen Tsani su biyu suka zo da kwamfuta ɗaya, ko ruwan leda ba su raba ba.

Manajan tsare-tsare, Babaji, ya riga ya gama zaɓi a ransa. Mutum ne mai ilimi, a ƙasar waje ya yi karatu, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ranar taro ya ce a sa wa Walƙiya hannu kowa ya huta.

Sai Fadila ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, na duba takardunsu. Hanyar Walƙiya tana da faɗi wajen sauke abu, amma wajen turawa ƙunci gare ta. Ta Tsani ba ta kai ta gudu ba, sai dai ta raba daidai."

Babaji ya yi murmushi. "Malama Fadila, fasinja a duk duniya fim yake kallo a jirgi."

"Yallaɓai, namu ba fim suke kallo ba. Mai tafiya Umara neman yafiya yake yi. Da an ce a hau jirgi kowa zai kafa waya a baki, ya gaida yayarsa, ya gaida surukai, ya ce a yafe masa. Ba rubutawa suke yi ba, murya suke turawa, kuma gaba ɗaya a lokaci guda. Na sha ganin sabis ya ɗauke a ɗakin jira saboda haka."

"To yanzu da hirar ɗakin jira za mu zaɓi fasaha?" in ji Babaji. Wasu suka yi dariya.

Maganar ta yi mata zafi sosai, amma ta haɗiye. Ta roƙi a yi gwaji ɗaya da mutanen da ke hawa jirgin. Alhaji Nu'uman ya dube ta ya ce, "Na ba ki Asabar. Amma ki sani, in kika tara mu a banza, gwajinki ya ƙare ranar."

Da la'asar ta wuce gidan gwaggonta, Hajiya Jummai, wadda ta je Umara sau huɗu kuma ita ce shugabar ɗalibai a Islamiyyar matan unguwa. Ta zayyana mata komai.

Gwaggo ta ce, "Surutu kawai kike so mu yi? Ɗiyata, ai kin zo gidanshi. Mutum nawa za a kawo?"

Ranar Asabar da hantsi kamfanonin biyu suka kafa na'urorinsu a rumfar gyaran jirage. Sai ga bas biyu da jerin keke napep. Mata tamanin da 'yan kai suka sauko, an sha lalle an sha turare kamar masu zuwa biki. Wata har da fulas ɗin kunu. Babaji ya kalle su ya kalli agogonsa.

Aka zaunar da su, aka haɗa wayoyinsu da na'urar Walƙiya. Fadila ta ce, "Iyayena, ku ɗauka jirgi ya ɗaga da ku zuwa ƙasa mai tsarki. Ku yi abin da kuka saba."

Rumfa ta ɗauki murya. "Salamu alaikum, Yaya, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki..." Gaisuwa kaɗai sai ta ci minti biyu kafin a iso kan yafiya. Masu jikoki a Abuja suka danna kiran bidiyo.

Ba a yi minti biyar ba aka fara ɗaga wayoyi sama. Gwaggo ta ƙwala wa Fadila kira, "Wanga saƙo hwa ya ƙi tahiya. Mi ya same shi?" Wakilin Walƙiya ya yi ta danne-danne yana share gumi, ya ce a rage mutane zuwa ashirin. Alhaji Nu'uman ya ce jirginsa mutum ɗari da saba'in yake ɗauka.

Aka mayar da su kan Tsani. Saƙonnin da suka maƙale suka fice ɗaya bayan ɗaya, amsoshi suka fara shigowa. Nan fa dariya ta ɓarke, don 'yan uwa sun ɗauka tafiyar gaske ce. Wani yana ba da sautun dabino, wata tana faɗan an tafi ba a yi mata sallama ba.

Gwaggo kuwa waya na kunnenta, hawaye na zuba. Ashe ƙanwarta Ramla ta tura wa, wadda suka yi shekara biyu ba sa ga maciji. Ramla ta amsa tana kuka, ta ce ta yafe duniya da lahira, ita ma a yafe mata. Matan suka rufe Gwaggo da barka, wata ta rangaɗa guɗa.

Babaji ya tako har inda Fadila take. "Malama Fadila, na yi miki dariya a gaban mutane, to a gabansu zan ba ki haƙuri. Ni takarda na karanta, ke mutanen kika sani."

Gwaggo ta share ido ta ce, "Yaro, kai ma ɗauko wayarka ka nemi yahiya tun sabis na da kyau." Har shi sai da ya dara.

Aka ba Tsani aikin. Bayan an gama haɗa na'urori, jirgin farko ya tashi zuwa Jidda, Alhaji Nu'uman na ciki. Fadila na ofis ta ƙura wa allo ido, tana ganin wayoyi ɗari da sittin a haɗe, babu wadda ta yanke. Har ranar ba a ce mata komai kan kujerarta ba.

Sai wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Alhaji, ana jin gunjin jirgi a bayansa. Ya gaishe ta, ya gaida mahaifanta, sannan ya ce, "Muna saman teku yanzu, kuma kina jina sarai. Ki je wurin sakatare, takardarki na can na sa hannu. Ofis ya zama naki."

Sau uku ta saurara. Farin ciki ya hana ta tashi, sai ta kifa kai a kan tebur tana ta hamdala.

Darasi: Kafin ka zaɓa wa mutane abu, ka san yadda suke rayuwa, kuma kada ka raina ilimin wanda ya daɗe yana yi musu hidima. In an yi maka dariya a kan gaskiyarka, ka yi haƙuri ka nemi damar nuna ta a aikace. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.