Tabarmar Makokin Barmo

Masu riƙon labarin da sun ce, a wani zamani da ya shuɗe akwai wani gari a bakin babban kogi ana ce masa Gungun Maje, sarkinsa kuwa sunansa Jatau. Adali ne, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Amma fa in ransa ya ɓaci, ko ruwa ka miƙa masa sai ya tambaye ka wa ya ce maka yana jin ƙishirwa.

Mutanen garin suna da wata al'ada. In an yi rasuwa, an yi salla an kai mamaci makwancinsa, ba mai zaman makoki sai an ɗauko tabarma daga fada an shimfiɗa a ƙofar gidan. Sarki ne ke aikawa da ita, gidan attajiri ne ko na mai sayar da itace. Sai ta sauka sannan jama'a su zo su zauna, a yi ta'aziyya, maƙwabta su kawo abinci.

To, a garin akwai wani attajirin goro, sunansa Barmo. Dukiya ta yi masa yawa har ya rasa abin yi da ita, sai ya tsiri wasa da rai. Ƙasa da gari akwai inda kogi ke matsewa tsakanin duwatsu, ana kiran wurin Maƙogwaro, ruwa na tafasa a ciki kamar tukunya a kan murhu. Masunta in sun iso nan, fita suke yi su ja kwale-kwalensu ta tudu. Shi kuwa Barmo kowace damina sai ya sa a sassaƙa masa sabo, a shafe shi da shuni, ya shiga shi kaɗai ya bi ta Maƙogwaro, makaɗa na jiransa a ƙasa. Ba kifi yake nema ba, ba fatauci za shi ba, daɗi kawai. Sarki ya yi masa faɗa, liman ya yi masa nasiha. Ya ce musu to, ya kuma. A daminar da ake ba da labarinta ya shiga, bai fito ba. Masunta suka sha wuya kafin su tsamo shi, aka yi masa sutura.

Sarki Jatau ya ce tabarma kam ba za ta je ba. Mahaifiyar Barmo, wata tsohuwa ana ce mata Inna Ige, ta share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa, ta zauna tana duban hanya. Mutane na wucewa suna sunkuyar da kai, ba mai iya tsayawa.

A bisa rimin da ke tsakar fada akwai wata tsohuwar shamuwa da Allah ya ba harshen mutane. Duk shekara sai ta dawo sheƙarta, kuma tun zamanin kakan Jatau ake shawara da ita, ga ta da tsiwa. Da hantsi sarki na zaune a gindin rimin yana huci, sai ta sauko ta tsaya gabansa.

Ta ce, “Allah ya ba ka nasara, daga sama na hango tsohuwa zaune ita kaɗai a ƙofar gidan Barmo. Na ce ko ɓera ne ya cinye tabarmar fada?”

Sarki ya ce, “Kada ki fara, Shamuwa. Masunci ya nitse yana neman abin da 'ya'yansa za su ci, wannan shi ne abin tausayi. Amma mutum ya ci ya ƙoshi, ya tafi da ƙafarsa ya tsokani ajali, ya kuma sa bayin Allah shiga Maƙogwaro neman gawarsa, sannan in aika masa tabarma? Ba da ni ba!”

Shamuwa ta ce, “Ai fushinka na kan hanya, ban ce komai ba. Sai dai ka tuna mini da Sarki Gambo na Tsaunin Kuka, wanda ya hana sannu.”

Sarki ya ce, “Hana sannu kuma? Yaya aka yi?”

Shamuwa ta gyara tsayuwa, ta ce:

“A hanyata ta zuwa nan nakan yada zango a wani gari, Tsaunin Kuka. Sarkinsu Gambo mutum ne mai son tsari. Wata rana ya ga wani ya yi tuntuɓe a kasuwa don yana kallon mai tallan fura, jama'a suka yi ca, sannu, sannu. Abin ya ba shi haushi. Ya ce yanzu wannan da ya bar idonsa a ƙwaryar fura, da wanda kunama ta harba yana barci, duk sannu ɗaya za a yi musu? Ya sa aka yi shela, daga yau ba mai ce wa kowa sannu sai an bincika an tabbata ba shi ya jawo wa kansa ba.

“Kai, ranka ya daɗe, ka ga gari! Mace ta ƙone da ruwan zafi, maƙwabta su taru a kanta suna tambaya, da tsumma kika ɗauki tukunyar ko da hannu? Mutum ya faɗo daga giginya, a tsugunna gabansa a ce, wa ya aike ka? Har wanda jaki ya harba, sai da aka gano ta baya ya bi. Da aka dage da bincike, aka rasa mutum ɗaya da ba shi da ɗan laifinsa a cikin ciwonsa. Sannu ta ɓace a garin ƙaf. Mutane suka koma in sun ji ciwo sai su shige ɗaki su ja ƙyaure.

“Shi kuwa Gambo akwai shi da shan rake. Wanzaminsa ya sha gaya masa, haƙorin nan na dama fa ya fara rawa, a sassauta. Ina! Fadawa kuma kullum gasa suke yi wajen kawo masa mai kauri, in ya ɓantara su ce, kai, haƙoran zaki! Ran nan ya ɓantara, haƙori ya ce ƙas. Kafin azahar kunci ya kumbura ya yi tulu. Ya kwanta yana nishi, fadawa sun kewaye shi, kowa ya kame bakinsa. Doka ce, shi ya jawo wa kansa. Ya dubi wannan, wannan ya dubi rufin ɗaki. Ya ƙara nishi da ƙarfi ko wani zai manta, ba wanda ya manta.

“Ana haka sai ga kakarsa, Goggo Yalwa, tana dogara sanda. Ta leƙa fuskarsa, ta fashe da dariya. Ta ce, ‘Wai maigidan nawa ne ya koma haka? To ni dai na fasa auren.’ Gambo ya kawar da kai. Ta zauna bakin gado ta ce, ‘Tun da bakinka ba ya buɗuwa, yau dole ka saurare ni. Bari ka ji abin da ya sami zakaran gidan mai hatsi.’

“Ga abin da Goggo Yalwa ta faɗa masa:

“‘A gidan wani mai sayar da hatsi akwai wani zakara, ja, mai sheƙi. Sauran kajin unguwa sai sun yi tono a juji kafin su ci, shi kuwa tsaba a gabansa take kwana. Da ƙoshi ya dame shi, sai ya ƙirƙiro wasa. In ya ga gaggafa na shawagi, sai ya fita tsakiyar fili ya buɗe fikafikai ya yi cara. Gaggafa ta kawo sura, shi kuma ya ruga ya shige ƙarƙashin rumbu, faratanta na shafar jelarsa. Kajin unguwa kuwa, da sun ga inuwar gaggafa sai su bar tono su jeru a gindin danga. In ya tsira su ɗauki kyarkyara, namu, namu, unguwarmu ce kaɗai ke da irinsa! Uwarsa, wata tsohuwar kaza, ita ce kawai ba ta kallo, cusa kanta take yi a akurki har a gama.

“‘Rannan ƙafa ta zame. Gaggafa ta yi sama da shi, gashi kawai ya sauko. Kaji suka fara gulma. Wannan ta ce dama na faɗa. Waccan ta ce ƙoshi ne. Suka yanke ba mai zuwa gaida uwarsa, kada yara su ɗauka abin kirki ya yi. Wata agwagwa da ke kwance a bakin kwata tana jinsu, ta miƙe tana rangaji ta nufi akurki. Suka ce, ke ina za ki? Ta ce, za ni wurin wadda ba ta taɓa yi masa kyarkyara ba. Da yana tsira, na unguwa ne, yau da aka sure shi ya zama na uwarsa ita kaɗai?’

“Goggo Yalwa ta dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, ‘Masu haƙoran zaki, ina bakinku?’ Kowa ya shiga gyaran rawani. Sannan ta dafa goshin jikanta ta ce, ‘Kai ka jawo wa kanka, kwaɗayayye. Sannu.’ Gambo ya yi ƙoƙari ya ce ta karya doka. Ta ce, ‘A ɗaure ni. Sannu, Gambo. Yana zugi ko? Sannu.’ Wallahi, ranka ya daɗe, ƙaton mutum sai ga hawaye shar. Ciwon bai ragu ba ko kaɗan, amma tun kafin a cire haƙorin ya sa aka janye doka. Ranar mutanen Tsaunin Kuka har wanda ya yi atishawa sai da suka yi masa sannu.”

Shamuwa ta shiga gyaran gashin fiffikenta. Can ta ce, “Ni dai duk yawon da na yi, ban taɓa ganin inda ciwo ya ragu don mai shi ne ya jawo shi ba.”

Sarki Jatau ya yi dariyar da bai shirya ba, sannan ya ɗaure fuska. Ya ce, “Haƙori daban, rai daban. Kuma ni ban taɓa yi wa Barmo kyarkyara ba.”

Shamuwa ta ce, “Haba, ranka ya daɗe! Ni fa a sama nake kwana. Bara da ya shiga Maƙogwaro, wane ne ya hau soron fada ya kare rana da hannu? Da kwale-kwalen ya ɓullo, wane ne ya yi tsalle har rawani ya karkace?”

Sarki ya ce, “Iska na je sha.”

Ta ce, “To. Garin nan kaf ranar iska suka je sha a bakin kogi, har da masu tallan gyaɗa. Baƙo in ya zo, kafin a nuna masa masallaci an ba shi labarin Barmo. Ban ce ya kyauta ba. Bai kyauta ba, ya wahalar da masunta, kuma in ka hana kowa bin Maƙogwaro daga yau, ni ce mai fara yi maka godiya. Amma Barmo yana inda tabarmarka ba ta kaiwa, ba ya jin fushinka. Wadda ke jinsa ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba.”

Sarki ya juya ya dubi wajen kogi. Sannan ya ce, a hankali, “To fushin fa? Ina zan kai shi? Tare muka yi wasan ƙasa da yaron nan, Shamuwa. Na ce masa kada ya je.”

Ta ce, “Tafi da shi gidan Inna Ige. Ina jin za ka tarar da irinsa.”

Sarki ya miƙe ya ce, “Kin yi gaskiya.” Ya shiga da kansa ya naɗo tabarma. Dogarai suka ruga za su karɓa, ya ce su bari. Ya saɓa ta a kafaɗa ya bi ta tsakiyar kasuwa, mutane na gani suna rufe rumfuna suna bin bayansa.

Ya tarar da Inna Ige inda take tun safe. Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya ce, “Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa.”

Ta ce, “Amin, ranka ya daɗe.” Ta dube shi da jajayen idanu, ta ce, “Ka ga abin da sakaran nan ya yi mini?”

Sarki ya ce, “Na gani, Inna. Ba ya jin magana.”

Ta ce, “Ji? Barmo? Tun yana rarrafe, in ka neme shi ka rasa, duba bakin rijiya! Na yi duka, na yi roƙo, har ɓoye masa filafilin tuƙi na yi a cikin rumbu, da gemunsa da komai, ya je ya sayo wani.” Jama'a suka yi dariya, ita ma ta yi, dariyar ta juye ta zama kuka. Sarki ya sunkuyar da kai, nasa hawayen na ɗiga a kan riga.

Da ta share fuska ta ce, “Ni ba so nake a ce ya yi daidai ba, Jatau. Tun jiya nake cike da faɗa, na rasa wanda zan yi wa. In na yi shi ni kaɗai, zagin mamaci ne. So nake in yi shi a gaban waɗanda suka san shi.”

Sarki ya gyara zama, ya yafito jama'a su matso. Ya ce, “Ga mu, Inna. Fara, in kin gaji ni ma ina da nawa.”