Kofin Kokon Abdul-Wahab

Akwai wata mai sayar da koko a unguwar Maamobi, sunanta Ayishetu. Mijinta Abdul-Wahab tela ne, mutum mai ji da kai. A gidansa ba a musa masa magana, balle a gaban baƙi.

Ciwon ciki ya matsa masa, aka ce a zura masa na'ura ta maƙogwaro a duba cikin. Za a yi masa allurar barci, saboda haka aka gargaɗe shi kada ya ci komai tun dare.

Da safe yunwa ta murɗe shi. Ya ɗebi koko, ya haɗa da ƙosai.

"Baban Habib, ai an hana ka."

"Koko ma abinci ne? Kar na ji kin faɗa a can."

A asibiti nas Zelia ta tambaye shi ko ya ci wani abu. Ya ce ko ruwa bai sha ba. Aka fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aka kwantar da shi.

Ayishetu na tsaye a bakin ƙofa. Tsoro biyu ya kama ta. In ta yi magana, ta ƙaryata mijinta a bainar jama'a. In ta yi shiru, ba ta san abin da allurar za ta haifar ba.

Likita ya ɗauko sirinji. Zelia ta kama hannun Abdul-Wahab.

Sai Ayishetu ta ɗaga murya: "Madam! Ku tsaya! Ya sha koko!"

Zelia ta saki hannunsa. Abdul-Wahab ya zabura zaune, idonsa jawur.

"Ni za ki kunyata?"

Bai rufe baki ba ɗacin feshin ya tayar masa da zuciya. Ya kelaya amai, koko da ƙosai, har kan takalmin likita.

Likita ya ajiye sirinjin a hankali.

"Da allurar nan ta shiga, maƙogwaronka ba zai iya tare wannan ba. Cikin huhunka zai gangara, kai kuma kana barci."

A cikin trotro, motar hayar da suka hau zuwa gida, ya juya mata ƙeya. Ita kuwa ta gama sallamawa, yau akwai rigima.

Da ranar da aka sake sa masa ta zo, Zelia ta yi tambayar nan dai. Abdul-Wahab ya sunkuyar da kai, ya nuna matarsa.

"Madam, ita za ki tambaya."

Darasi: Kada ka ɓoye wa likita abin da ka ci ko ka sha kafin allurar barci, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya tona ka don ya ceci ranka, masoyinka ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na da asibiti gobe.