Ranar da Manaja Tijjani Ya Yi Rakiya

Akwai wani manaja mai suna Tijjani a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, wajen shekarar 1983. Wanda bai ga Challawa a lokacin ba ya yi rashi. Jiniya na kaɗawa da safe sai kekuna su cika titi maƙil, daga Panshekara, daga Zawaciki, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya. Warin fata har cikin riga, amma ba mai ƙorafi, don shi ke ciyar da gidaje. Allah sarki zamani.

Tijjani ya dawo daga kwas a Ingila kansa na rawa. Ba mugu ba ne, sai dai ɗan karen sauri. Cikin wata guda ya canza tsarin aiki kusan goma, ya kafa akwatin shawara a ƙofar ofis, ya ce duk mai magana ya rubuta. Mutanen da rabinsu sai ajami, rabi kuwa ko shi babu!

Ba a daɗe ba fatun da aka tura ƙasar waje suka dawo, wai sun yi tauri, suna tsagewa. Mai kamfanin ya kira shi ya ce, "In kaya na gaba suka dawo, ka bar min kujerata."

Washegari Ayuba, fomen ɗin sashen jiƙa fata, mutumin Filato, ya faɗo ofis. Shekara goma sha biyar yana aiki cikin ƙarar inji, ko gaisuwa yake sai ka ce faɗa ne.

"Oga, wannan sabon tsarin naka ba zai yi ba sam!"

"Ni kake ɗaga wa murya?" in ji Tijjani. "Je ka gida, sati biyu."

Sannan ya tara ma'aikata ya tambaye su abin da ke ɓata fata. Gemun Ayuba ya kama wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Sai Malam Isyaku, dattijon da ke tantance fata, majemi ɗan majemi, ya fara zuwa ofis. Kwana uku a jere. Ya cire takalmi, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Tijjani ya dubi agogo, a gaban sakatarensa ya ce, "Malam, akwai magana ne?"

"A'a, gaisuwa ce, ranka ya daɗe."

Dattijon ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya tafi.

Saura sati uku a ɗora kaya, Tijjani duk ya zabge. Ran nan ya zauna a rumfar Hajiya Uwani mai tuwo a bakin get, yana juya cokali yana mita, wai ma'aikatansa ba su da baki, sai wani tsoho da ke cinye masa lokaci da gaisuwa.

Hajiya Uwani ta riƙe haɓa. "Manaja, lallai boko ya cinye ka. Dattijo ya bar aikinsa sau uku ya zo gaida sa'an ɗan cikinsa, ka ce ba magana? Ka taɓa taka masa?"

"Taka masa kuma, Hajiya?"

"Rakiya mana! Irinsu ba sa sauke magana mai nauyi a gaban mutane. Sai an fito, an yi nisa."

Da aka tashi aiki, Tijjani ya tarar da Malam Isyaku yana kwance kekensa. Ya ce, "Malam, bari in taka muku."

Suka wuce get suna tura keke. Dattijo ya yi zancen damina, ya yi zancen tsadar taki. Tambaya na cin Tijjani, amma ya danne. Sai da suka kai gindin wata darbejiya, ba kowa kusa, Malam Isyaku ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, busasshiyar fata kwana biyu take so a ruwa. Tun da aka mayar da shi kwana ɗaya, cikinta ba ya sha."

Tijjani ya ce, "Malam, ai ni na ba da wannan umarnin."

"To, ni dai ban ce ba."

"Me ya hana ku faɗa min tun tuni?"

"A gaban sakatarenka? Gobe da wane ido zai dube ka? Ayuba ma abin da ya kawo shi ke nan. Muryarsa ce babba, ba raini ba ne."

Kunya ta rufe Tijjani. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai gidan Ayuba. Ya same shi a ƙofar gida, ya ba shi haƙuri a gaban maƙwabta.

Ayuba ya daka tsawa kamar kullum. "Oga, sai yanzu ka ji?"

"Na ji, Ayuba. Gobe ka dawo, kuma kada ka rage muryar."

Aka mayar da jiƙo kwana biyu. Kaya suka tafi, ko fata ɗaya ba ta dawo ba. Tijjani ya ƙara shekara goma sha ɗaya a kan kujerar nan, har ranar da kamfanin ya rufe, ma'aikata suna share hawaye suna yi masa sallama.

Darasi: Shugaba ba ya sauraron kowa da kunne iri ɗaya. Wani da ƙarfi yake faɗin gaskiya, wani sai an keɓe, wani sai an yi haƙuri da doguwar gaisuwarsa. Ka koyi yadda kowane mutuminka yake magana tun kafin ka yi asarar abin da ya sani. Ku tura wa duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, ko da mutum biyu ne.